Ramin Taɓo a Gonar Nababa

Sabo yana sauke mangalar taki a gonarsa, saura kamar wata guda damina ta faɗi, sai ga Khalilu ƙanin matarsa ya ratso tsofaffin kunyoyi da fayil a hammata. Malamin firamare ne Khalilu, kuma tun da ya gama kwaleji ba ya taka ƙasar gona sai ya ɗage ƙafar wando.

"Sannu da aiki, Yaya Sabo."

"Yauwa, Malam. Yau an tashi makarantar da wuri ne, ko dai ba a je ba?"

Khalilu ya share wannan, ya buɗe fayil. Ya ce wasu masu gidan motsa jiki ne daga birni za su yi gasar tsere a nan Kanyar Gabas. Amma ba tseren da aka saba gani ba ne. Za a kafa katangar katako a haura, a haƙa rami a cika shi da taɓo a ratsa, a shimfiɗa waya mai ƙaya a yi rarrafe a ƙarƙashinta, sannan a saɓa buhu a zagaya da shi. Dagaci ya amince. Abin da ya rage shi ne mutum ashirin da za su yi aikin sa-kai na kwana huɗu, su shirya wurin.

Sabo ya dafa bayan jakinsa. "Tsaya tukuna. Laifin me suka yi?"

"Su wa?"

"Waɗanda za a tura cikin taɓon."

"Ba horo ba ne, Yaya. Su da kansu suke biya don a sa su."

Sabo ya yi dariya har sai da bayansa ya soke shi, ya kama ƙugu. Shekara goma sha tara ya yi yana dako a Dawanau, a siton Alhaji Basiru, har ranar da ƙashin bayansa ya goce yana kan katakon hawa tirela da buhun wake a ka. Wata uku ya yi a kwance. Alhaji bai zo ba, bai aiko ba. Shugaban 'yan dako ne ya ce wai Alhaji ya ce Allah ya sawwaƙe. Tun daga nan Sabo ya dawo gida ya rungumi 'yar gonar da ya gada.

"To me ake ba wanda ya yi aikin?"

"Riga, da takardar shaida. Sai abinci sau biyu a rana."

Sabo ya daina dariya. Bazarar da ta biyo bayan cire tallafin mai ce, lokacin da masara ta fi ƙarfin wanda ya noma ta. A gidansa an koma ɗora tukunya sau ɗaya, rumbu kuwa sai an zura rabin jiki kafin a taɓo damin gero. Bakinsa ɗaya in ya fita daga kwanon gida kwana huɗu, yara za su ga bambanci. Bai faɗi haka ba. Cewa ya yi, "Rubuta ni. Ina so in ga mahaukatan da idona."

Da ya gaya wa matarsa Hure, ko ɗagowa ba ta yi daga tankaɗen da take yi ba.

"Da ana biyanka ka yi wa masu kuɗi dako, Baban Furera. Yanzu kuma na kyauta za ka koma yi musu."

"Don ƙaninki zan yi. So yake su ɗauke shi aiki."

"Ƙanina dai. To Allah ya ba da lada."

Ranar Talata da hantsi suka taru a gindin kanyar bakin gari, su goma sha ɗaya, domin ashirin ɗin ba su samu ba. Wanda ya zo daga birni wani saurayi ne mai suna Kamilu, amma ya ce a kira shi Koci. Gajeren wando ne a jikinsa, damatsansa kamar an hura, ga usur a wuya, ga lasifikar hannu, alhali wanda ya fi nisa da shi bai wuce taku biyar ba.

"Ku ne bolantiyoyinmu!" ya faɗa cikin lasifikar. "Ina so in ga ƙarfi! Ina so in ga murmushi!"

Aka raba musu riguna ruwan ɗorawa. Ta Sabo ta tsaya masa a cibiya.

A wannan yanki babu fili da ba na kowa ba. Daga bayan dangar wani sai gonar wani, har ka isa Bagwai. Saboda haka tseren a kan gonakin mutane zai bi, ramin taɓon kuwa ya faɗo a tsakiyar gonar Nababa, abokin Sabo tun suna makarantar allo. Nababa ya riga ya gama kai taki, jaki ɗai-ɗai, tun bayan girbi. Dagaci ne ya kira shi ya ce baƙi ne na manya, za su mayar da komai yadda suka same shi. Da ya ga ba yadda zai yi, shi ma sai ya karɓi riga, ya ce gara a yi ɓarnar yana tsaye.

Kwana biyu suna haƙa da diga da shebur. Koci yana tsaye a ƙarƙashin laima da igiyar awo, yana busa usur in ya ga an zauna. Da ramin ya kai ƙugu, ya shigo ya damƙi ƙasar ya murza, ya yamutsa fuska.

"Wannan ƙasar ba ta da kyau. Yashi ne kawai."

Nababa ya miƙe da shebur a hannu. "Ba ta da kyau? Ita ta ciyar da kakana."

"Ba haka nake nufi ba, Baba. Ba za ta yi taɓo mai kama ƙafa ba."

Washegari tifa ta ratso gonaki uku ta juye laka daga fadama. Bayanta sai ga tankokin ruwa biyu. Tun wata biyu da suka wuce rijiyoyin garin suka ƙafe, burtsatse ɗaya ce ta rage, kuma layinta tun asuba yake farawa. Kafin a kwance tiyo, tsofaffin mata da 'yan mata sun cika bakin gonar da jarkoki da bokitai, suna tsammanin wani mai neman kujera ne ya tuna da su. Suna tsaye suna kallo aka saki ruwa fari tas cikin rami, Koci ya sa mutum huɗu suka shiga suna tattake lakar da ƙafa.

Sabo ya matsa kusa da shi. "Koci, ko za a bar musu ƙarshen tankar nan?"

"An auna shi, Baba. In ya ragu, taɓon ba zai kai ƙirji ba. Mutanenmu abin da suka zo nema ke nan."

"Taɓo har ƙirji."

"Har ƙirji," in ji Koci, yana murmushi, don shi a ganinsa Sabo ya fara fahimta.

Direban tanka ta biyu ne, wani dattijo, da zai tafi ya tsaya a bayan makaranta ya yi kamar yana duba taya, ya bar famfon yana zuba. Jarka tara aka samu.

Abincin dai ana kawowa, shinkafa a 'yar roba da yankan nama kamar kan yatsa. Sabo yakan ci rabi, ya rufe rabi ya kai gida. Hure takan raba wa yara, ita kuma ba ta taɓa kai ko loma bakinta ba.

Ranar Juma'a da safe aka kawo buhunan da za a cika da yashi. Sabo ya warware ɗaya, sai ya tsaya. Zanen zangarniya ne kore, da sunan siton Alhaji Basiru a ƙasa. Ko da bai iya boko ba, wannan rubutun ya san shi, don shekara goma sha tara yana goga shi a ƙeyarsa.

"Shi ne babban mai ɗaukar nauyin taron," in ji Koci. "Shi ma zai yi tseren. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Zo in nuna maka yadda ake ɗaga buhu, Baba, kada ka ji ciwo."

Ya sa aka zuba yashi kwata, ya ware ƙafafu, ya durƙusa, ya ja numfashi, ya ɗaga. Ya sauke ya sake yi a hankali don Sabo ya gani da kyau. Sauran 'yan aikin duk suka sunkuyar da kai. Nababa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

"Na gane," in ji Sabo. "Allah ya ƙara ilimi."

Shi ya ɗinke buhu sittin da basilla kafin lokacin masallaci. Koci ya duba ɗinkin ya ce lallai Baba yana da baiwa, shi za a ba tashar buhu gobe, ya riƙa ɗora wa masu tsere.

Bayan la'asar Koci ya ja shi gefe, wannan karon ba lasifika. Ya ce akwai wata 'yar alfarma. Alhaji mutum ne babba, ga ciwon suga, ga masu hoto za su zo. Ana so a cika buhu ɗaya da abu mara nauyi, amma ya yi ƙiba kamar sauran, a ɗaura masa jan zare a kunne don a gane shi. Kada kowa ya ji.

Sabo ya gaya wa Nababa suna hanyar gida.

"Cika masa da jiƙaƙƙen yashi," in ji Nababa. "Ka sa marmara a tsakiya. Ya ɗanɗana ko na minti biyar ne."

Sabo ya yi tunanin haka sosai. Har ya hango Alhaji yana durƙushewa. Amma da ya ƙara juya maganar, sai ya ga mutumin bai ma cancanci buhun gaske ba. Ya shiga gida ya ɗebi ƙaiƙayin gero a bayan rumbu, ya danna shi da ƙafa har buhun ya yi tim, ya ɗinke, ya ɗaura jan zare. Buhun ya fi duk sauran kyan gani. Da yatsa biyu ya ɗauke shi.

Asabar tun da sassafe motoci suka fara shigowa, irin waɗanda ba a taɓa gani a Kanyar Gabas ba, suna faka a kan takin mutane. Aka kafa rumfuna, aka kunna janareto da kiɗa. Maza da mata fiye da ɗari, kowa da lamba a ƙirji da gorar ruwa a hannu, suna miƙa suna lanƙwasa kamar masu ciwon ciki. Mutanen gari suka jeru a bayan igiyar da aka ja musu. Khalilu yana ta kai da kawo da fayil, yana cewa "yallaɓai" ga duk wanda ya kalle shi.

Aka busa usur. Daga tasharsa Sabo yana hango komai. Ya ga ƙatti suna rataye a katangar da ba ta kai ta gidansa ba. Ya ga sun faɗa ramin Nababa suna ihu suna dariya, suna shafa wa juna laka a fuska, suna tsayawa a ɗauke su hoto. Wani ya fito yana ɗaga hannu sama kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Da suka iso wurinsa, yakan ja buhun da ƙafa, wani abokin aikin ya taya shi ɗora musu. Kwatan abin da yake ɗauka a da, kuma taku ɗari ne kawai zuwa gindin darbejiya a dawo, amma sai ka ji nishi kamar ana haihuwa.

Alhaji Basiru yana cikin na ƙarshe. Ramin taɓon zagaye shi ya yi, wani yaronsa ya shafa masa laka kaɗan a gwiwa da gaban riga. Tumbinsa ya ƙaru, gemunsa ya sha baƙin rini. Masu hoto biyu na biye da shi. Koci ya rigo su da gudu yana yi wa Sabo alama da ido.

Sabo ya ɗauko buhu mai jan zare, ya yi kamar yana jin nauyinsa, ya aza masa a kafaɗa. Fuskarsu ba ta fi tsawon hannu tsakani ba.

"Sannu, dattijo," in ji Alhaji. Alhali shi ya girmi Sabo da shekara goma.

Sai ya fara tafiya. Ya ranƙwafa, ya cije leɓe, yana jan ƙafa yana cewa "Wash! Ya Salam!" Masu rumfa suka ɗauki tafi, mai lasifika yana kiran sunansa yana cewa a dubi jarumi. Sabo ya naɗe hannu a ƙirji yana kallo. Bai taɓa sanin Alhaji ya lura da yadda 'yan dako suke tafiya ba, amma ga shi yana kwaikwayonsu daidai.

A wajen juyawa, gindin darbejiya, Alhaji ya yi tuntuɓe da saiwa. Buhun ya suɓuce, ya yi tsalle sau biyu a ƙasa kamar matashin kai, ya gangara gaban wata mata mai lamba arba'in da ɗaya. Matar ba yarinya ba ce, laka ta rufe ta har ɗankwali, kuma tun ɗazu take fama da nata buhun tana haki. Ta sauke nata don ta taimaka wa babban mutum. Ta kama kunnen buhun Alhaji da hannu biyu ta yunƙura da dukkan ƙarfinta, saura kaɗan ta faɗi ta baya.

Ta tsaya. Ta ɗaga buhun da hannu ɗaya, ta kalle shi, ta kalli Alhaji. Ta saɓa shi a kafaɗa ta juya ta tafi abinta da sauri, ta bar masa nata a gabansa.

Mutanen gari da ke bayan igiya su suka fara ganewa, don sun san yadda ƙaiƙayi yake tsalle. Dariya ta tashi daga wannan gefe ta bi igiyar har ƙarshe. Masu hoto ba su sauke na'urarsu ba. Alhaji ya sunkuya ya kama buhun yashi, ya ja, ya kai shi gwiwa, ya sake shi. Ya sake gwadawa. Gumi na gaske ya keto masa. Ya ɗago yana waige-waige har idonsa ya faɗa kan riga ruwan ɗorawa.

"Kai! Dattijo! Zo ka kama mini."

Koci ya dafa kafaɗar Sabo. "Yi sauri, Baba, don Allah."

Sabo bai motsa ba. Ya ɗaga murya yadda za a ji har darbejiya.

"Bayana ba ya ɗauka, Alhaji. A sitonka na baro shi."

Shekara huɗu Sabo yana tanadin magana ga mutumin nan, kuma ya ɗauka in ta fita wani abu zai faru. Alhaji ya ƙanƙance ido ya dube shi, sannan ya juya ga Khalilu da ya rugo zai kama buhun.

"Wane ne wannan?"

"Sabo ne, ranka ya daɗe. Ya yi aiki a wurinka."

"Wane Sabon?"

Khalilu ya miƙa wa wani fayil ɗinsa, ya ɗauki buhun yashin a ka, da farar rigarsa da takalminsa, ya biyo bayan Alhaji har tasha. Masu hoto suka matso kusa yadda Alhaji kaɗai zai fito. Da aka gama, Alhajin aka fara rataya wa lambar yabo, ya yi jawabi a kan haƙuri da juriya a wannan lokaci na matsi.

Wajen rabon takardun shaida aka kira kowa ban da Sabo. Koci ya ce bolantiya ba ya kunyata baƙo. Sabo ya cire rigar ya ajiye masa a kan tebur, sai kuma ya tuna Furera ba ta da ta shiga gona, ya dawo ya ɗauke abarsa.

Kafin la'asar masu gasar sun kwashe katako da tayoyi da waya, har da ƙusoshin da suka lanƙwashe. Buhunan yashi ma zazzage su aka yi a gonar aka tafi da fankon. Ramin ne kawai suka bari. Khalilu ya yi ta kiran lambar Koci sati guda ba a ɗauka, kuma ya daina biyowa ta ƙofar gidan yayarsa. Hure da ta ji labarin abin da mijinta ya faɗa, sai ta ce, "To, ka faɗa. Ya ji?" Sabo ya ce ya ji, bai dai gane ba. Ta ce da ma.

Dagaci ya ce a yi haƙuri, zai yi magana. Nababa bai jira ba, don hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ranar Litinin shi da Sabo suka koma da shebur da kwanon sarki, su biyu kawai, suna kwashe lakar kafin ta daskare ta kashe masa tsakiyar gona. Nababa na haƙa, Sabo na jan kwanon da igiya don ba ya iya ɗagawa.

A rana ta biyu shebur ɗin Nababa ya tono takalmi. Irin na gudu ne, mai laushin ƙasa, taɓo ya cire shi daga ƙafar wani. Kafin azahar sun tono guda bakwai, suka jera su a bakin rami. Babu biyu da suka zama ɗaya. Nababa ya zauna ya kankare su da tsinke, ya gwada wannan ya gwada wancan, har ya samu na dama shuɗi da na hagu ja da suka shige shi. Ya miƙe ya taka, ya ɗan yi tsalle.

"Wallahi da daɗi," ya ce. "Shi ya sa ba su da hankali."

Ya koma cikin ramin da su a ƙafarsa, ya ce Sabo ya miƙo kwano.